Tumaki, kaji da gashin burodi a hunturu: in haɗa su ɗaki ɗaya?

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a gefen garin Kura, Jihar Kano. Ina da tumaki huɗu, biyu na da ciki, da kajin gida wajen ashirin, ɗaya ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara makon jiya. Da sanyin nan nakan gasa burodi da kek a tukunyar yashi kan gawayi, da ƙwan kajina, ina sayar wa maƙwabta. Bara hunturu ya kashe min fiye da rabin kajin. Bana ina so in riƙa kwanar da su da tumakin a ɗakin da nake gashi, in bar musu sauran garwashi in ja ƙofa. Babu matsala? Sannan kwaɓina ya daina tashi kamar da, kajin ma sun rage ƙwai. Ragowar burodi da kwaɓi kuma, zan iya ba tumaki?

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a kiwon da sana'ar. Bari in fara da abin da ba zai jira gobe ba: kada ki kwanar da dabba, balle mutum, a rufaffen ɗaki da garwashi. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta ratsawa, wata guba yake fitarwa wadda ba ta da wari ba ta da launi, masana na ce mata kabon monoksaid. Ba ta sa tari balle a farga. Jini take shiga ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, jiki ya yi sanyi, barci ya zarce. Tsuntsu kuwa ya fi mu saurin faɗuwa.

An taɓa kirana wani gida da sassafe a watan Janairu. Matar gidan ta zuba 'yan tsaki wajen arba'in a kwali, ta ajiye kaskon wuta kusa da su, ta toshe taga da buhu, ta cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa. Na same su kwance, fukafukai a sake, ba zawo ba majina, ɗakin da ɗuminsa. Ita kanta da ta shiga kwaso su, dafe da kai ta fito. Har yau ina jin muryarta tana cewa, "Likita, sanyi fa na gudar musu." Tausayi ne ya sa ta, kamar yadda shi ya sa ki, shi ya sa nake roƙonki ki ajiye wannan shawarar tun yanzu.

Kajinki na bara kuma, ina kyautata zaton ba sanyi ne ya kashe su ba. Babbar kaza mai cikakken gashi ba ta mutuwa don asubar Kano ta sauka digiri 12 ko 13. Ki tuna yadda suka yi. In kin ga koren zawo, suna buɗe baki suna jan numfashi, wata wuyanta ya murɗe tana zagaye wuri ɗaya, suka riƙa zubewa uku huɗu a rana, to cutar Newcastle ce, annobar da ke share akurki a ƙasar nan duk shekara daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙwayarta ta fi daɗewa a raye cikin sanyi, ƙura tana goge maƙogwaron kaji ta buɗe mata hanya, ga shi ƙarshen shekara kaji na ta yawo daga wannan kasuwa zuwa waccan. Kafso ɗin nan ja da rawaya da ake fasawa a ruwan sha ba ya taɓa ta, haka barkono, haka ɓawon maɗaci. Rigakafi kaɗai ke tare ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wani mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, don kajin karkara aka tanade shi. Ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, babba da ƙarami, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka ki haɗa kai da maƙwabta ku je asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma, a yi wa na unguwa gaba ɗaya rana guda. Lafiyayyu ake yi wa. Kazar da kika sayo ko aka ba ki kyauta kuma, ki ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin naki. In kuwa kika wayi gari sun zube da yawa lokaci ɗaya, tukku ya yi shuɗi, fuska a kumbure, kada a yanka kada a ci, a sanar da likita, don murar tsuntsaye tana ɓulla a ƙasar nan jefi-jefi tun 2006.

Abin da dabbobinki ke nema a wajenki shi ne ki tare musu iska, ki bar musu numfashi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, to ki kafa zana ko ki rataya buhuna ta arewa da ta gabas, ki bar tazara a sama ƙarƙashin rufi ta ɗaya ɓangaren. Ƙasa ta zama busasshiya, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa, wanda a Kura ba sai kin nema ba. Ga gwajin da nake yi duk gidan da na shiga: da safe, kafin a buɗe, ki durƙusa ki kai fuskarki daidai tsayin kaza. In zarnin ya sa idonki yaji, haka suka kwana suna shaƙa, kuma shi ne mafarin mura da ciwon huhu.

'Yan tsakin nan tara suna da uwa, ita ce wutarsu. Ki ware su da ita a kwando ko ƙaramin akurki, kada ta fita da su sai hantsi ya dubi ludayi. Waɗanda ba su da uwa ne ke bukatar digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa da kamar digiri 3 duk mako. In kina son ƙara musu ɗumi, gashinki zai ba ki ba tare da hayaƙi ba. Yashin tukunyar nan yana riƙe zafi na sa'o'i. In kin sauke burodi, ki bar shi ya ɗan huce, ki juye a gwangwani mai murfi, ki naɗe da tsumma mai kauri har ki iya dafa shi da tafin hannu ba ki janye ba, ki ajiye a kusurwa ɗaya ta akurkin. Garwashin kuma ki kashe shi a waje. Su da kansu za su faɗa miki in ya yi: in sun cure wuri ɗaya suna tsuwwa, sanyi suke ji, in sun watse nesa suna haki, zafin ya yi yawa.

Tumakinmu, 'Yankasa ne ko Uda ko Balami, murhunsu na cikin cikinsu. Tinkiya in ta ƙoshi da harawa da yamma, tuƙar da take yi da narkewar abincin a tumbi su ke ɗumama ta har asuba. Saboda haka kason harawar wake ko ta gyaɗa mafi girma ki bar shi na dare. Masu cikin nan biyu su za ki fi sa wa ido. Cikin tinkiya wata biyar ne, kuma a makonni shida na ƙarshe ne ɗan ke yin mafi yawan girmansa, daidai lokacin da ciyawar daji ta zama kara. Tinkiyar da aka bari da yunwa a wannan gaɓa, musamman mai 'yan biyu, takan daina cin abinci, ta riƙa tangaɗi, ta kwanta ta kasa tashi. Ki ƙara musu dusa da ɗan anguriya, a fara da cikin tafi a riƙa ƙarawa sannu a hankali. In akwai bishiyar gawo kusa, 'ya'yanta da ke zubowa da rani abinci ne mai kyau. Ruwa kuma, wanda ya kwana a waje sukan ƙi sha, a ba su na hantsi da rana ta taɓa, a ajiye musu gishirin lasa. Ki tambaya a asibitin ko an yi musu allurar PPR, annobar tumaki da awaki mai zuwa da majina, gyambon baki da zawo, wadda ita ma ta fi tashi a wannan lokaci. Allura ɗaya takan kare dabba shekara uku. Ranar haihuwa, in uwar ba ta lashe ɗan ba ki goge shi da busasshen tsumma, ki tsoma cibiyar a aidin, ki tabbata ya sha dakashi cikin sa'o'in farko. Jiƙaƙƙen ɗan rago da cikinsa ba komai, shi ne wanda sanyin asuba ke iya ɗaukewa.

Ko ba garwashi, ban so ki haɗa su makwanci. Tinkiya takan danne ɗan tsako, kaji su hau kan harawa su ɓata ta da kashi. Babban haɗarin kuma abinci ne. Tinkiya in ta samu buhun abincin kaji ba ta san ya isa ba. Hatsin ya yi tsami a tumbinta, ciki ya kumbura, zawo ya ɓarke, wata kafin kwana biyu ta tafi. Abincin kaji na kamfani kuma yakan ƙunshi sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, wanda hantar tumaki ke tarawa a hankali har ya zame musu guba. Burodi ma hukuncinsa ke nan, fulawa ce zalla. Ɗan gutsure busasshe a dama cikin dusa ba laifi, amma ba kwano guda ba. Ɗanyen kwaɓi kuwa ko kaɗan, domin yis ɗin zai ci gaba da tashi a ɗumin ciki. Wanda ya yi fumfuna a binne shi, kada kaji ma su gani.

Raguwar ƙwai ba abin tayar da hankali ba ne. A Disamba yinin Kano bai kai awa 12 ba, kaza mai ƙwai kuwa ta fi sakin jiki da hasken awa 14 zuwa 16, ga abin tsattsaga ya yi ƙaranci, ga ƙarfinta na tafiya wajen ɗumama jiki. Ki ƙara musu tsaba da yamma, kada mazubin ruwa ya bushe. Ɓawon ƙwan da kike fasawa ki shanya shi kan yashin nan mai zafi, ki daka ya yi laushi, ki zuba musu a abinci. Tunda kina sayar wa mutane, kazar da ke shan magani kada ƙwanta ya shiga kek sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

Kwaɓi ba fannin da na karanta ba ne, amma a gaban tanderun gurasa na tashi, kuma yis ma halitta ce mai rai kamar sauran da nake dubawa. Ya fi aiki a ɗumin digiri 27 zuwa 32. Sanyi ba ya kashe shi, jinkiri yake sa shi, kwaɓin da ke ninkuwa cikin awa ɗaya a watan Afrilu sai ya nemi biyu ko uku a Janairu. Abin da ke kashe shi ruwan zafi ne, kuma nan mata da yawa ke kuskure da hunturu. Ruwan ya zama wanda za ki iya yi wa jariri wanka da shi. Ki fara jiƙa yis ɗin da ɗan sukari, in bai yi kumfa cikin minti goma ba ya mutu, ki sake wani. Iskar hunturu kuma tana busar da saman kwaɓi ya yi ɓawo ya hana shi kumbura, ita kanta fulawar ta fi shan ruwa a wannan lokaci. Ki ƙara ruwa cokali biyu ko uku, ki shafa mai a sama, ki rufe da leda ko jiƙaƙƙen ƙyalle, ki ajiye robar gefen murhu inda ɗumi ke isowa, ba a kansa ba. Man kek da ƙwai ma ki fito da su tun da wuri su saki kafin ki buga. Shi kansa gashin, a tsakar gida ko ƙofa a buɗe za ki yi shi, don gubar nan ba ta bambance kaza da mai ita.

Tokar da ta rage kada ki zubar. In ta kwana ta huce sarai, ki tankaɗe ta, ki gauraya da yashi a wani tsohon baho, ki ajiye inda rana ke faɗawa da hantsi. Za ki ga kajin suna birgima a ciki suna watsa ta cikin gashinsu, haka suke rage ƙwarƙwata da ƙuma. Ki duba ƙarƙashin fiffiken uwar 'yan tsakin nan yau da daddare da tocila, in kin ga ƙwari na gudu, ki fara da ita.