Amsa: Shin hukumar daraktoci kaɗai ta isa ta tsare kamfani?

Malam, ka tambaya ko hukumar daraktoci ta wadatar wajen kare dukiyar masu hannun jari, ba tare da sa ido daga waje ba. A ganina ba ta wadatar ba, kuma abin da ya faru da bankunan Najeriya shaida ne.

Kafin 2008, wasu bankuna sun riƙa ba mutane rance domin sayen hannun jari, alhali daraktocinsu suna zaune suna amincewa da rahotannin riba. Da kasuwar hannun jari ta faɗi, jinginar da aka riƙe, wato hannun jarin da aka saya da rancen, ta rasa daraja, bashin ya ƙi biyuwa, sai ga waɗannan bankuna suna yawan komawa Babban Bankin Najeriya neman rance. Kasuwa ce ta fara tona asirin, sannan masu bincike suka buɗe littattafan. A ranar 14 ga Agusta 2009, Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Bankin a lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ciki har da Oceanic da Intercontinental, aka zuba wa bankunan naira biliyan 420.

Abin da ke damuna shi ne ƙaramin mai hannun jari, wanda jarinsa ya narke tun kafin binciken ya iso.