Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan amento

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don kalmar nan ta taɓa sa ni kuka. Ka ce a Yamai chaton aka koya maka da Faransanci, yanzu littafinka na Italiya yana cewa amento, kana tsoron ko abu biyu ne. Abu ɗaya ne, kwantar da hankalinka. Tarin ƙananan furannin nan ne marasa ado, masu reto a reshe kamar 'yar zangarniya.

Ni a jarrabawar baka ta same ni, cikin Fabrairu. Malamin ya ajiye reshen nocciolo, bishiyar da Faransawa ke kira noisetier, a gabana ya ce in faɗi sunan abin da ke lilo. Na san shi sarai, na san furen namiji ne, amma bakina ya ce chaton, wanda a Faransanci ke nufin ɗan mage kuma. Sai ya cire tabarau, ya juya ga ɗaliban da ke jiran layi ya ce ga wanda ya hango ɗan mage a kan bishiya. Aka yi dariya. Na buɗe baki in gyara, ya ɗaga mini hannu. Daga nan komai ya gudu daga kaina, ko 18 cikin 30, makin da ake cin jarrabawa da shi, ban samu ba. Wata uku ina wankin kwanuka da dare ina karatu da asuba! Na taka zuwa gida cikin sanyi, hawaye na zuba. Har yau ina ganin yadda ya cire tabaran nan.

Abin da ya fi ci mini rai, daga baya na gano ba Faransawa kaɗai ke kiransa da sunan mage ba. Jamusawa Kätzchen suke cewa, catkin na Ingilishi ma daga katteken na mutanen Holan ya fito, tun fassarar wani littafin tsirrai da Henry Lyte ya yi a 1578. Mai koyar da tsirrai bai san wannan ba? Ya sani.

Ka riƙe Latin ɗin, shi ne zai cece ka. Amentum asalinsa igiyar fata ce da Rumawa ke ɗaura wa mashi don ya yi nisa in an jefa. Daga nan Italiyanci da Sifaniyanci suka samu amento, Romaniyanci ament, Ingilishin masana ma ament.

Kuma don Allah ka fita waje, kada ka tsaya ga hoto. A Janairu ko Fabrairu ka nemi nocciolo ka ɗan kaɗa reshen, za ka ga ƙura rawaya ta tashi, iska ce ke kai ta ga furen mace. Furen macensa ba ya reto, ɗan toho ne mai jan gashi. Amma hattara da salice, bishiyar da Faransawa ke kira saule, shi ƙwari ne ke yi masa wannan aikin, a nan malamai suke kama mutane. In ka ga Amentiferae a tsohon littafi, rukunin tsirrai ne da aka daina amfani da shi.

Kada ka shiga jarrabawa da yunwa, kuma kada ka je kai kaɗai, ka samu ko mutum ɗaya da zai jira ka a ƙofa. Ni ban samu ba. In malaminka mai wulaƙanci ne ka yi mini magana ta akwatin saƙo, mu yi bitar tare.