Amsa ga mai tankin kifin da ke ɗiga a ƙasan gilashi

Sannu ɗan'uwa, Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Ka ce tankin kifinka na filawud (katakon da aka manna falle-falle) da gilashi a gaba, mai tsawon santimita 240, faɗi 90, zurfi 75 ya fara ɗiga a kusurwar ƙasa ta gilashi kwana biyu da cikawa, kana tambaya ko ka shafa silikon ta waje. Na san wannan ɗigon, na san yadda yake hana barci. Don Allah kada ka shafa. Kwashe ruwan yau ɗin nan.

Sabon silikon ba ya kama tsohon da ya riga ya bushe, kuma ruwan daga ciki yake turowa. In ka toshe ta waje, ka kulle shi ne a cikin katako. Abin da ya fi ciwo ke nan, domin ba ka gani. Filawud zai yi ta sha a ɓoye, ya kumbura, yadudduka su rabu, sukurori su saki. Sai wani dare ka ji ƙara, ka taka ƙasa ka ji ruwa har idon sawu, kifin da aka yi shekara ana reno yana birgima a kan daɓe, ga wayar hita mai ɗumama ruwa da ta famfo a cikin ruwan. Tankinka lita 1,620 yake ci, wato nauyin ruwan kaɗai ya haura tan ɗaya da rabi, kuma bangon gaba yana tare turin da ya kai kilo 675. Wannan ba abin yi wa faci ba ne.

Duba kwalin silikon ɗin tukuna. Haushina yana kan masu sayarwa da ke cewa duk ɗaya ne. Na banɗaki yana da maganin funfuna, kuma wannan magani yana kashe kifi. Zallan silikon kake so, wanda aka rubuta na tankin kifi ne. Haka masu bidiyon da ke manna gilashi yau su cika ruwa gobe, ba sa dawowa su nuna abin da ya biyo baya.

Yanke gilashin ka fitar, ka kankare tsohon silikon da reza har ya tafi tas, ka goge da asiton, sinadarin nan mai cire maiƙo. Danna katakon kusurwar da farce. In ya yi laushi, canza shi. In da ƙarfinsa, bar shi ya bushe sarai, sannan ka shimfiɗa ƙyallen faiba (na zaren gilashi) a duk mahaɗa, ka bi da efoksi mai haɗi biyu, wato shafin da ke hana ruwa shiga katako, shafi uku ko huɗu. Idan shafi ya bushe da maiƙo a samansa, wanke da ruwan ɗumi kafin na gaba, in ba haka ba zai ɓare. Wurin da gilashi zai zauna ka ɗan karce shi da samfefa, silikon ya fi kama efoksin da aka karce, kuma ba ya riƙe tsuran katako.

Wajen mannawa ne nake zargin aka sami matsalarka. Kifar da tankin a kan fuskarsa, gilashi ya shiga ta ciki, ya hau firam da aƙalla santimita 5 ta kowane gefe. Zuba silikon mai kauri ba tare da yankewa ba, ka sa 'yan gutsattsarin roba masu kaurin milimita 2 zuwa 3 don kada nauyin gilashi ya matse shi duka ya fita. Da yawa nan suke faɗuwa: su danne da ƙarfi, a bar ɗan siririn layi mai kumfar iska. Ka ba shi mako guda cur, kada ka taɓa.

Ba ka faɗi kaurin gilashinka ba. A zurfin 75, ni ba zan sauka ƙasa da milimita 15 ba, 19 ta fi kwantar da hankali. Kuma ka ɗaure saman tankin da katakai biyu ko uku daga gaba zuwa baya. Bango in ya bankare ko kaɗan, shi ke yage silikon a kusurwa. Teburin ma ka auna, kada wani gefe ya fi wani tudu.

In za ka sake cikawa, kashi ɗaya cikin uku, ka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, ka jira kwana guda kafin ka ƙara. Turo mana hoton kusurwar bayan ka cire gilashin.