Shiru-shiru, kunya da miskilanci ba abu ɗaya ba ne

Tambaya: Malam, ƙanena ba ya son zaman fada, wato majalisar hirar samari, da ya dawo daga makaranta sai ya shige ɗaki. Ƴan gida suna ce masa miskili, ni kuwa ina ganin kunya ce. Wace kalma ta dace da shi? Kuma tunda an ce "hali zanen dutse", ke nan ba zai gyaru ba? (Wata mai karatu daga unguwar Birni, Damagaram)

Amsa: Malama, mai yiwuwa ne duk biyun ba su dace da shi ba.

Miskili yana da amsa a bakinsa, da gangan yake hana ta. A gaishe shi ya ɗaga kai kawai, a ce ya yi gabas ya nufi yamma. Shi ya sa ake masa kirari da "miskili ka fi mahaukaci ban haushi". Kalmar zargi ce, kuma ina takaicin yadda ake saurin liƙa wa yara ita. Kunya kuwa ta danganta da wanda ke wurin: suruki, malami, ko ɗan fari da uwa ba ta faɗin sunansa. Mai kunya da ya samu tsararsa baki ya buɗe. Shi mai shiru-shiru ba tsoron kowa yake ba, hayaniya ce ke gajiyar da shi, kaɗaici ya huce masa gajiya.

Ki lura da shi a wuri uku. In a gaban manya kaɗai yake shiru, kunya ce. In ba ya magana cikin taro amma yana doguwar hira da aboki guda, shiru-shiru ne. In ko'ina yana ƙin amsa tambayar da aka yi masa kai tsaye, to a nan ne zancen miskilanci zai taso. Amma in da can mai fara'a ne, kwatsam ya janye, ba ya ci ba ya barci, wannan ba hali ba ne, ku kai shi wurin likita.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun yi nazarin halin mai shiru-shiru. A 1921 Carl Jung, likita ɗan ƙasar Suwizalan, ya bambanta wanda hankalinsa ya fi karkata ga abin da ke cikin ransa da wanda ya fi karkata ga jama'a. A kan aikinsa Katharine Briggs da ɗiyarta Isabel Myers suka gina gwajin da ke kasa mutane gida 16. Kada ki ɗauke shi hukunci: akasarin mutane a tsakiya suke, kuma wanda ya maimaita gwajin yakan faɗa wani gida daban.

Game da karin maganar, "hali" abu biyu ya ƙunsa, wanda aka haifi mutum da shi da wanda ya koya. Zanen dutse na farkon ne. Na biyun shi ake nufi da "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi". Saboda haka gaida manya, amsa sallama da zuwa gaisuwar mutuwa, waɗannan a koya masa, ba sassauci. Zaman fada har tsakar dare kuwa ba ya cikin ladabi, kada a tilasta masa. In kina son jin ra'ayinsa, ki tambaye shi ku biyu, ki ba shi lokaci kafin ya amsa.