Amsa ga ƙanwarmu mai fargabar auna fahimta da sadarwa a jarrabawar ma'aikata

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya, na bari sai na samu zama don ba maganar layi biyu ba ce. Kin ce kina matakin albashi na 08 a wata ma'aikata a Sakatariyar Tarayya, shekara biyun gwajinki ta kusa cika, kina shirin jarrabawar tabbatarwa da ƙarin girma, wato COMPRO. Dokokin Aikin Gwamnati da Dokokin Kuɗi ba su dame ki ba, kin kusa haddace su, amma da zarar kin ga dogon rubutun Turanci da tambayoyi a ƙarƙashinsa sai gabanki ya faɗi, haka ma tambayoyin sadarwar ofis. Kika ƙare da neman a faɗa miki littafin da za ki saya. Na ga wasu sun ba ki sunayen littattafai, Allah ya saka musu da alheri. Ban ce kada ki saya ba, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Wannan ɓangaren ba ya jin hadda. Mu da muka tashi da karatun allo, hadda ba ta ba mu tsoro, shi ya sa 'yan uwanmu da yawa suke cinye takardar dokoki hankali kwance. Auna fahimta kuwa, rubutun da za a ajiye miki ba ki taɓa ganinsa ba, abin da ake so a gani shi ne ko za ki iya karanta takarda ki faɗi abin da ke cikinta ba ƙari ba ragi. Na daɗe a aikin nan, na zauna jarrabawar ƙarin girma ba sau ɗaya ba, na kuma sha zama da ƙannenmu na ofis muna bita bayan la'asar. Abin da na fi ganin yana kayar da mutane ba ƙarancin Turanci ba ne. Mutum ne yake amsawa daga abin da ya sani a kansa, ya bar abin da aka rubuta a gabansa. Kuma tsofaffin hannu sun fi sababbi faɗawa wannan ramin, don sun san yadda abubuwa suke gudana a zahiri.

Ga misali irin wanda nake ba su. A ce an kawo sakin layi a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Rubutun ya ce wanda ya nemi bayani a hukumar gwamnati wajibi ne a amsa masa cikin kwana 7, amma hukumar tana iya ƙara wa'adin da bai wuce wasu kwana 7 ba idan takardun da aka nema suna da yawa ƙwarai. Sai a tambaya: bisa ga rubutun, wanne ne daidai? Zaɓi na farko ya ce kowace hukuma tana da kwana 14. Na biyu ya ce hukumomi kan ɗauki watanni ba su amsa ba. Na uku ya ce ana iya ƙara wa'adi bisa wani sharaɗi. Na huɗu ya ce ba a ƙara wa'adi ko kaɗan. Ki duba da kyau, kowane zaɓi da wanda aka ɗana wa shi. Na farko na mai gaggawa ne, ya ga bakwai da bakwai ya haɗa, ya manta da sharaɗin. Na huɗu na wanda ya tsaya da karatu kafin ya kai ga "amma". Na biyu kuwa na wanda ya daɗe a ofis ne, ya karanta ya gyaɗa kai ya ce wallahi haka ake yi, ya danna. Ko da ya taɓa ganin hakan da idonsa, ba a cikin rubutun yake ba, saboda haka ya faɗi. Amsar ita ce ta uku, wadda ta fi sauran rashin armashi. Galibi haka amsar gaskiya take, ba ta cika baki. Duk zaɓin da kika ga ya ce kowa, ko kullum, ko ba a taɓa ba, ki koma rubutun ki tabbatar marubucin ya yi wannan kurin da kansa.

A Turancin doka da na sakula, wato takardar sanarwar hukuma, ki sa ido kan ƙananan kalmomi. Inda aka ce shall, wajibi ne; inda aka ce may, dama aka bayar. Masu shirya tambaya suna son musanya su. Haka tambayar da ke ɗauke da except ko not, mutum ya gane rubutun sarai amma ya zaɓi kishiyar abin da aka nema don idonsa ya tsallake kalma ɗaya.

Yadda nake bi, in fara karanta tambayoyin kaɗai ban da zaɓuɓɓukan, don in san abin da nake farauta, sannan in karanta rubutun sau ɗaya daga farko har ƙarshe ba tsayawa. In kin ci karo da kalmar da ba ki sani ba, ki wuce, jimlar gaba takan bayyana ta. Sannan ki daina fassara kowace jimla zuwa Hausa a zuci kina cikin karatu, wannan ne ke cinye lokaci. Hausar tana da amfaninta, amma a ƙarshe. Ki ɗauki sharhin edita na Daily Trust ko wata jarida kowace safiya, tun da go-sulon Nyanya da Mararaba ko na hanyar Kubwa ya ishe ki karanta shi a waya in ba ke ke tuƙi ba. Kina gamawa ki kife wayar, ki faɗa wa kanki da Hausa a jimla biyu: me mutumin nan yake so a yi, kuma me ya sa? In kin kasa, ba ki gane ba, ki sake. In kin iya, ki rubuta shi da Turanci a jimla uku idan kin isa ofis. Kin yi atisayen fahimta da na taƙaitawa ke nan a zama ɗaya. Makon farko za ki ji kamar ba kya motsi, amma saurin yana zuwa.

Sai sadarwa. Akwai ɗan abin hadda a ciki: mai aika saƙo, saƙon, hanyar da ya bi, mai karɓa, martanin da ya dawo, da abubuwan da ke kawo cikas, saƙon da ke hawa daga ƙasa zuwa sama, mai sauka, da na tsakanin tsara, da bambancin hanyar hukuma da raɗe-raɗin baranda. Wannan a yamma ɗaya kin gama da shi, kowane littafi yana da shi.

Ainihin abin yana cikin fayil. Ki je wurin masu kula da fayiloli a sashenku, ki gaida babbansu da girmamawa, ki roƙi tsohon fayil na fili wanda aka gama da maganarsa, ki zauna ki karanta shi daga shafi na ɗaya. Za ki ga wasiƙa ta shigo, an buga mata hatimin karɓa, an sa mata lambar shafi. Za ki ga ƙaramin jami'i ya yi minit, wato gajeren bayanin da ake rubutawa a cikin fayil, zuwa ga na gaba da shi, maganar ta hau har ta kai ga darakta ko babban sakatare, amincewa ta sauko, an tsara amsa, an gyara da biro, an buga, an aika. A gefe za ki ga BU da kwanan wata, ma'ana a dawo da fayil ɗin ranar. KIV, a ajiye maganar a ido tukuna. PA, an gama a mayar ma'ajiya. Fayil uku in kin karanta haka, rabin tambayoyin sadarwa kin gan su da rai.

Ki lura da yadda gwanaye ke yin minit. Wani zai rubuta: "Ranka ya daɗe, ga wasiƙa, don ɗaukar mataki." Wannan bai yi aiki ba, tura kaya ya yi. Mai kyau yakan ce a duba shafi kaza, wane ne ya rubuto kuma me yake nema, me doka ko sakular da ta shafi batun ta ce, sannan ga shawarata, a amince ko kada a amince, sai sa hannu da muƙami da kwanan wata. Gajere, wanda darakta zai karanta a tsaye ya yanke hukunci. In aka ba ki zaɓi huɗu aka ce wanne ne minit mafi dacewa, ki nemi mai waɗannan gaɓoɓin, ki guji mai yawan kirari. Kada kuma ki haɗa shi da rubutaccen bayanin taro, wanda ake rubutawa da sigar abin da ya wuce, a kawo waɗanda suka halarta da abin da aka yanke da wanda zai aiwatar.

Wasiƙar hukuma tana da lambar fayil, da kwanan wata, da kan magana, kuma takan buɗe da cewa an umarce ni in sanar da kai. Dalili shi ne ma'aikaci ba da bakinsa yake magana ba, shi ya sa yake sa hannu a madadin babban sakatare ko minista. Memo na cikin gida ne. Sakula ta mutane da yawa ce a lokaci guda, kamar wadda ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ke aika wa ma'aikatu da hukumomi. Takardar da minista ke kai wa Majalisar Zartarwa ta Tarayya ita ma memo ake ce mata, amma tsarinta daban ne. Sai bin hanya: ke da kike mataki na 08 ba kya rubuta wa babban sakatare kai tsaye, sai ta hannun shugabanninki. Duk tambayar da ta ba ki zaɓin tsallake na gaba da ke, ko kai kuka ga 'yan jarida, ki san tarko ne. Matakan sirrin takardu huɗu ma ki san jerinsu daga sama zuwa ƙasa, ana son tambayarsu.

Nahawu ba zan daɗe a kai ba. Dacewar aikatau da mai aiki, lokutan aikatau, da ƙananan kalmomin nan na a kan da a cikin, su ne suka fi ba mu matsala. Tsohon littafin Turancinki na sakandare ya wadatar.

Game da 'yan littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a bakin Sakatariya, ki saya don ki saba da salon tambaya, amma kada ki rantse da amsoshin da ke baya. Na sha ganin amsa a ciki ta ci karo da dokar kanta, wasu kuma a kan bugun 2008 na Dokokin Aikin Gwamnati aka gina su, alhali akwai bugun 2021. Ki kuma nemi sakular jarrabawar ta bana ki karanta da kanki, ita ke faɗin darussan da rukuninki zai rubuta, kada ki dogara da an ce.

Tun da jarrabawar ta koma kan kwamfuta, karatu a waya kaɗai bai isa ba. Dogon rubutu a allon kwamfuta, kina gungurawa sama da ƙasa, agogo yana ja a gefe, wani abu ne daban. Ki samu kwamfutar ofis lokacin hutu ko ta shago, ki sa wa kanki lokaci. Tambayar da ta turje ki wuce ta, ki dawo in lokaci ya ragu, kuma kada ki bar ko ɗaya ba amsa sai in umarnin ya ce ana rage maki kan kuskure. Sabawa da kwamfutar zai yi miki amfani nan gaba, don daga mataki na 07 zuwa 14 sai an yi aƙalla shekara uku a kowane mataki kafin a cancanci ƙarin girma, kuma akwai wasu jarrabawoyin a gabanki.

In kina so, ki ƙirƙiri wasiƙa ta ƙarya, ki yi mata minit ki turo min in duba miki. Na ce ta ƙarya da gangan. Don Allah kada ki ɗauki hoton shafin fayil na gaskiya ki tura wa kowa a WhatsApp da sunan bita, ko ni ɗin. Kin yi rantsuwar riƙe sirri lokacin da kika kama aiki, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan ba a soke ta ba. Allah ya ba da sa'a.