Gwamnati za ta kai bayananmu rumbun intanet: a hannun wa za su zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai sayar da albasa ne a kasuwar Mile 12. Na ji a rediyo wai ma'aikatun gwamnati za su daina ajiye bayanai a ofisoshinsu, za su mayar da su abin da ake kira fasahar gajimare. Mun ba da hoton yatsunmu wajen yin NIN da BVN. Turawa ne za su riƙe su ke nan? Na biyu, 'yata ta gama sakandare a Agege, tana so in biya mata kuɗin koyon nazarin bayanai. Karatun kirki ne ko yayi ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi.

Abin da ka ji a rediyo, haya ce. Maimakon kowace ma'aikata ta sayi manyan kwamfutoci, ta nema musu ɗaki da janareto, sai ta kama wuri a ginin da aka yi musamman don wannan aiki, ta riƙa shiga ta intanet, tana biyan gwargwadon abin da ta yi amfani da shi. Irin waɗannan gine-gine suna nan Legas. Akwai Rack Centre a Ikeja, akwai na MainOne a Lekki, kamfanin da Equinix na Amurka ya saya a 2022. In ka shiga ciki, sai ka wuce ƙofa bayan ƙofa, wata ma sai ta karanta yatsanka. Sanyi ya ratsa ka, ga kabad-kabad na ƙarfe a jere suna gunji, batura suna riƙe da su kafin janareto ya tashi. Ka gwada wannan da abin da nake tararwa a wasu ofisoshi: kwamfutar da ke ɗauke da sunayen ma'aikata kaf tana ƙarƙashin teburi, ƙura ta toshe mata fanka, babu kwafi ko ɗaya a wani wuri. Ranar da ta ƙone, an tashi a tutar babu.

Shi ya sa a 2019 NITDA, hukumar gwamnati mai kula da bunƙasa fasahar sadarwar zamani, ta fitar da manufar da ke cewa ma'aikatu su fara duba wannan hanya kafin su sayi nasu kayan. Ni ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Ka tuna ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, yara ko'ina a ƙasar nan suna neman shiga shafi ɗaya a lokaci ɗaya. Mai haya yana iya ƙara ƙarfi na 'yan kwanaki, ya rage bayan an watse. Wanda ya sayi nasa kuwa, ko ya sayi abin da zai yi zaman banza sauran shekara, ko shafin ya tsaya cak.

Tsoronka kuma yana da tushe. Manyan cibiyoyin da Microsoft da Amazon da Google suka buɗe a nahiyar nan a Afirka ta Kudu suka fara: Microsoft a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Wanda ya kai kaya can, ya fitar da su daga ƙasa. Amma tun 2013 ƙa'idar NITDA ta ce bayanan gwamnati a cikin Najeriya za a ajiye su, kuma gwamnatin tarayya tana da kamfaninta, Galaxy Backbone, da aka kafa a 2006 don hidimar ma'aikatu. NIN a hannun hukumar NIMC yake, BVN kuma a ƙarƙashin Babban Banki. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta gindaya sharuɗɗa kafin a tsallaka da bayanan mutum waje, ta kuma kafa hukumar da za ka iya kai wa ƙara.

Ko ba don doka ba, hankali ma ya ce a bar su gida. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane suka kasa tura kuɗi ta wasu bankuna. Ga kuma dala, wadda hayar waje ke bin farashinta: wanda ya tsara kasafinsa lokacin da take kusan naira 460 a farkon 2023, ya wayi gari a 2024 tana sama da 1,500. Ra'ayina shi ne bayanan shaidar ɗan ƙasa da na asibiti da na albashi su zauna a cikin ƙasa, da kwafi a gari na biyu. Shafin sanarwa kuwa, a sa shi duk inda ya fi araha.

Sai dai inda gizo ke saƙa ba nan ba ne, Alhaji. Ka kama sito a kasuwa, mai ginin ya sa maigadi, ya yi rufi mai kyau. Amma makulli a hannunka yake. In yaronka ya bar kwado a buɗe, ba laifin mai sito ba ne. Yawancin ɓarnar da muke gani a aikinmu daga ɓangaren mai haya take: kalmar sirri guda ma'aikata biyar suna amfani da ita, wanda ya bar aiki tuntuni ba a rufe masa ƙofar shiga ba, fayil da aka bar shi kowa na iya buɗewa saboda wanda ya ɗora shi bai san inda ake kullewa ba. Ma'aikatar da ba ta da ƙwararru a cikin gida, ɗan kwangila zai kafa mata, ya tafi da sanin komai a kansa. Wannan ya fi hana ni barci fiye da batun Turawa.

To ka ga amsar tambayarka ta biyu. Ka biya mata, karatun kirki ne. Mutanen da za su riƙe makullin nan sun yi ƙaranci, kuma 'ya'yanmu mata na unguwannin Hausawa a Legas ba su da yawa a cikinsu, abin da yake damuna matuƙa. Gwamnati ma ta san da giɓin, shi ya sa a 2023 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da mutum miliyan 3. Ba a biyan kuɗin karatu, kuma akwai nazarin bayanai da fasahar gajimare a cikin darussan. Ta riƙa duba lokacin da za a buɗe rajista.

Amma kada kwas ɗin wata uku ya maye gurbin jami'a. Ta rubuta JAMB, ta nemi ilimin kwamfuta ko ƙididdiga a UNILAG ko LASU ko Yabatech, sauran ya zama ƙari. Tushen aikin lissafi ne da iya karanta Turanci. Ta fara da Excel, manhajar shigar da lissafi a jadawali, har ya zauna mata, sannan SQL, wato yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, Python, yaren rubuta manhaja, ya biyo baya. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu daga kasuwar kwamfuta ta Computer Village ta isa, in dai ƙwaƙwalwarta ta kai giga 8 kuma baturin yana riƙe caji.

Aikinta na farko yana shagonka. Ka ba ta littafin cinikinka na shekara biyu ta shigar: buhu nawa ya zo daga Aliero, nawa daga Kano, kuɗin mota, nawa ya ruɓe a hanya, wane wata farashi ke tashi, wa ke da bashi tun yaushe. Za ta sha fama da sunan dillali ɗaya da aka rubuta iri uku, da shafin da aka manta kwanan wata, kuma gyara irin wannan shi ne mafi yawan aikin ko a ma'aikata. In ta iya nuna maka watan da ka fi asara da dalilinsa, ta kama hanya.

Kafin ka ba wata makaranta ko sisi, ka je da ƙafarka. Ka ce su nuna maka aikin da ɗalibansu suka yi da hannunsu, ka tambayi inda malamin ya taɓa aiki, ka duba ko kowane ɗalibi yana da kwamfuta a gabansa. Duk wadda ta yi maka alkawarin albashin dala bayan wata uku, ka riƙe kuɗinka.