Ku fara da GitHub, ku bar WhatsApp

Ɗan'uwa, ka tambayi inda za ku ajiye manhajarku ta buɗaɗɗen tushe (wato wadda kowa zai iya ganin lambobinta ya kuma ba da gudummawa) da inda za ku riƙa tattaunawa. Ni dai GitHub zan ce, wato shafin ajiye lambobin manhaja a intanet, don can masu ba da gudummawa suka fi yawa. Microsoft ta saye shi a 2018, in hakan ya dame ku ga Codeberg, shafi ne irinsa na wata ƙungiya a Jamus da ba ta neman riba.

Amma don Allah kada ku yanke shawarar aiki a WhatsApp. Wanda ya shigo daga baya, ina zai tono dalilin da ya sa aka sauya wani abu? Zulip ya fi, dandalin tattaunawa ne na abokan aiki, kowane batu da zarensa. Takwaransa Slack kuwa, na kyauta, ɓoye saƙo yake yi in ya wuce kwana 90.